Saƙon Kawu da Na Kai a Makare

Kwana uku muka yi a kan tabarmi a ƙofar gidan Kawu, ƙarƙashin dalbejiyar da ya dasa da hannunsa, muna karɓar gaisuwa. A irin wannan zama ne mutum yake gane cewa kowane mai ta'aziyya da irin mamacin da ya zo yi wa. Liman ya ce bai taɓa sallame sallar asuba ya waiga ya rasa shi a sahun farko ba. Wani dillalin hatsi na kasuwar Ƙanƙara ya ce shekara da shekaru yana neman ranar da zai sayi dawar Kawu da rahusa bai samu ba, ya faɗi haka yana share hawaye kamar wanda aka cuta. Wata tsohuwa daga 'Yargoje ta durƙusa daga nesa ta ce da geron Kawu ta yaye 'ya'yanta biyu, sannan ta shige cikin gida wurin mata. Abokan aikina malamai da suka zo daga Sabuwa, waɗanda ba su taɓa ganinsa ba, su suka fi kowa tsawaita addu'a.

Rana ta biyu da hantsi, wani dattijo mai nauyin ji ya duba dama da hagu, ya yi irin raɗar da masu nauyin ji suke yi, wadda ake ji har bayan gida:

"Wai Sarkin Aska bai zo ba? Ko ba a aika mashi ba?"

Liman ya ja carbinsa. Babban ɗan Kawu ya duƙa yana gyara gefen tabarmar da ba abin da ya same ta. Ni kuwa ban ɗaga kai ba, domin duk wanda ke wurin ya san dalili, ya kuma san dalilin yana zaune cikinsu da farar riga da biro a aljihu.

Sarkin Aska shi ne wanzamin Kawu, amininsa tun suna samari. Ni na raba su. Kawu ya aike ni in je in ba shi haƙuri in taho da shi, har ya rasu ban je ba. Na zauna rubutun nan ne don kada a manta da Kawu, amma tsakani da Allah ba zan iya rubuta shi in tsallake wannan ba.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, shi ya ɗauke ni ya haɗa da 'ya'yansa, shi ya kai ni makaranta a bayan keke, ya miƙa ni ga hedimasta kamar mai kai akuya kiwo. Shi kansa bai yi boko ba, ban kuma taɓa jin ya nuna ya rasa wani abu ba. Ranar da na kawo masa takardar shaidar malanta, ya karɓa da hannu biyu, ya juya gabanta, ya juya bayanta, ya ce:

"To madalla. Ita ma shuka ta ake, ko haka nan ake ci?"

Daga ranar ya daina kiran sunana. Na zama Tica. In yana jin daɗina Tica ne, in na ɓata masa rai ma Tica ne, sai dai ya ja wasalin ƙarshe ya ɗan yi tsawo.

Rumbu uku gare shi a bayan gida, kuma ba ya buɗe sabo sai tsoho ya ƙare ƙarƙaf, ko da gero zai kai shekara uku a ciki. Mutane suna ce masa marowaci, yana jin su yana taunar goro. Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, hatsi ya ƙone a tsaye, sai ya ɓullo da wata sabuwar ɗabi'a. Da sassafe zai jingina tsani a jikin babban rumbu, ya ɗage murfin, sannan ya kwashe duk mutanen gidan zuwa gona, har da matarsa, wadda muke kira Inna, da ba ta taɓa riƙe fartanya ba. Sai la'asar za a dawo. Gonar ma ba abin yi a cikinta, zama kawai ake a gindin kanya. Inna ta gaji ta ce masa dammunan gero suna raguwa, ita fa ba ta gane ba. Ya ce:

"Ɓeraye ne. Bana ɓerayen na da ɗiya da yawa."

Sai da na girma na gane tsanin don wa ake jinginawa, da dalilin da ya sa ba a barin ko mutum ɗaya a gida ya ga fuskar mai hawa.

Ba zan ce ba shi da aibi ba, don shi kansa ba zai so a yi masa ƙarya a bayan ido ba. Taurin kai gare shi na ban mamaki. A wurinsa cuta ɗaya ce a duniya, sunanta gajiya. Ciwon kai gajiya ne, jiri gajiya ne, ranar da saniya ta take masa ƙafa har yatsa ya karye ma cewa ya yi ƙafar ce ta gaji. Maganin gajiya kuwa yana wurin masu tallar ƙwayoyi a faranti ranar kasuwa. Zai watsa biyu a baki ya kora da kunu, ya saɓa garma ya fita. Haka ya yi shekaru ba iyaka, muna gani muna cewa tsohon nan ƙarfi gare shi.

Sarkin Aska kan zo a keke daga wani ƙauye ta wajen Faskari, duk mako biyu, da zabirarsa a rataye. Shi ya yi mini askin suna, shi ya yi mini kaciya, saboda haka ya san ni tun daga inda ba na so a san ni. Gaisuwarsu da Kawu ba ta canzawa, kuma Kawu ne yake fara tsokana.

"Mahauci, bana mutum nawa ka yanka?"

"Kai kaɗai ka rage, kuma fatarka ta hi ƙarhin aska."

Sai Kawu ya cire hula ya zauna a buzu, a yi aski ana zagin juna, a sha fura a ƙwarya ɗaya. Sau biyu a shekara, gabanin damina da bayan kaka, akan yi ƙaho. Sarkin Aska ya kafa ƙahonin a bayan Kawu ya zuƙa, fata ta tashi, ya cire ya yi 'yan tsage da aska, ya mayar, baƙin jini ya taru. Kawu ya tashi yana miƙa yana cewa an sauke masa dami goma daga kafaɗa.

Wani hutun makaranta na zo gida bayan na daɗe ban zo ba, na tarar Kawu ya canza. Tafin hannunsa ya yi fari, leɓɓansa sun koɗe, daga masallaci zuwa ƙofar gida sai ya dafa bango ya huta. Na tambaye shi, ya ba ni amsar da na sani. Washegari da hantsi na shigo zaure na same shi zaune ba riga, ƙaho huɗu a bayansa, Sarkin Aska yana tsugune kusa da kunnensa yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Dattawan unguwa biyar suna gefe suna hira.

Ni malamin kimiyya ne, kuma a zangon da ya ƙare na zana zuciya da jijiyoyi a allo ya fi sau goma. Ilimin yana nan da zafinsa. Ban gaishe su ba, ban tsaya na duba komai ba, na ce wa Sarkin Aska:

"Haba Baba! Mutum jininsa ya ƙare, kai kuma kana ƙara tsotse ɗan abin da ya rage? Wannan ai ba magani ba ne, kisa ne a hankali. Ku ne kuke ƙarar da mutane a ƙauye."

Na ƙara da wasu kalmomi na Turanci, waɗanda ba wanda ya ji su a zauren sai ni, kuma su ne har yau suka fi ba ni kunya.

Sarkin Aska bai ɗago ba. Ya cire ƙahonin ɗaya bayan ɗaya, ya goge, ya zuba a zabira, ya ce, "Allah shi ba mu alheri." Ya fita yana tura kekensa, bai hau ba sai da ya sha kwana. Kawu ya jawo rigarsa ya saka, ya dube ni ya ce:

"Ticaa. Ka gama darasin?"

Iyakar abin da ya taɓa ce mini a kan maganar ke nan, sai a ƙarshen rayuwarsa.

Ni kuwa na tafi da nutsuwar wanda ya gano cuta ya kuma kori mai kawo ta. Na shiga kemis na sayi maganin ƙarin jini, mai kwalba, mai ɗanɗanon tsatsa. Daga Sabuwa nake aiko shi ta hannun direban motar haya, kwalba bayan kwalba. Inna ta haɗa da nata sani, tana dafa masa karan dafi, tana soya hanta ranar kasuwa. Kawu yana sha ba musu, sai dai ya yamutsa fuska ya ce kamar mutum ya lashi bakin fartanya. Kwalaben da suka ƙare Inna ta jera su a kan katanga, daga baya ta riƙa zuba man gyaɗa a ciki. Kusan shekara biyu muna haka. Duk gidan mun gamsu da sunan cutar, rashin jini, domin suna ne mai sauƙin kai, yana zuwa da maganinsa a kwalba. Ba wanda ya tambaya ina jinin yake tafiya tunda an daina ƙaho. Ni da nake dukan tebur ina ce wa ɗalibai su riƙa tambayar "me ya sa", ban tambaya ba.

Sarkin Aska bai sake zuwa ba. Kawu bai aika masa ba, don aika masa yana nufin ya ƙaryata ɗan ƙanwarsa a gaban gari. Amma bai yarda wata aska ta taɓa kansa ba. Wanzamai biyu suka zo neman aikin, ya ba su goro ya sallame su. In gashi ya dame shi sai Inna ta rage masa da almakashi a cikin ɗaki, ya mayar da hula.

Sai takalmansa suka daina shigarsa. Fuska ta riƙa kumbura da safe, abinci ya daina zama a cikinsa. Ranar da ya kasa tashi daga sujada sai da aka ɗaga shi, babban ɗansa ya kira ni a waya, muka ɗauki mota zuwa babban asibiti a birni, Kawu yana faɗa tun daga ƙofar gida har muka wuce Ƙanƙara.

Likitar da ta duba shi mace ce, ba ta kai ni shekaru ba. Na shirya Turancina tsaf, ita kuwa ta jawo kujera ta zauna gaban Kawu ta yi masa Hausa. Ta ce ƙodojinsa ne suka gaji, kuma sun daɗe da gajiya. Ta ce ƙoda ba tace fitsari kaɗai take yi ba, ita ce take aika wa ɓargo saƙon ya yi sabon jini, in ta raunana sai saƙon ya ragu. Sannan akwai sinadarin ƙarfe da jiki yake gina jini da shi, wanda shi ne a cikin kwalaben nan. Mai ciwon ƙoda, in ya sha, kaɗan ne hanjinsa yake ɗauka, wanda ya shiga ma sau da yawa jiki yakan kai shi ma'aji ya rufe. Ta ce gwaji ya nuna ma'ajin Kawu ba fanko ba ne, amma abin da ke ciki ba ya isa inda ake bukatarsa.

"Baba, kamar rumbu ne da hatsi a ciki, an liƙe murfin da laka, mutan gida suna kwana da yunwa."

Kawu ya ce, "Wanga rumbu ba nawa ba ne, likita. A sake dubawa."

Ta yi dariya, shi ma ya yi. Ni ne ban yi ba, don ina da tambaya, kuma na san amsar da nake so. Na ce ai ƙaho ne ya jawo, ko? Ta ce mai ƙarancin jini ba ya bukatar a ɗebe masa wani, gara da aka bari, amma ba ƙaho ne ya cinye ƙodar ba. Hawan jini ne da ba a taɓa aunawa ba, da ƙwayoyin gajiya na shekara da shekaru. Ta ce farin da ya yi tun farko, ƙodar ce take kiran a zo a duba ta, da an zo a lokacin da an iya rage mata gudu. Sai ta tambaye ni tun yaushe yake shan maganin kwalba. Na ce kusan shekara biyu. Ta rubuta a takarda, ba ta ce komai ba. Na san wannan shirun. Da shi nake duba takardar ɗalibin da ya cika shafi uku bai amsa tambayar da aka yi masa ba.

Aka sa masa sinadarin ta jijiya, aka yi masa allurar da ke maye gurbin saƙon ƙoda, aka fara wankin ƙoda. Ya ɗan farfaɗo, har ya soma tambayar ko an yi wa dawa banƙasa, an tara mata ƙasa a gindi. Wata rana ina zaune gefensa ana wankin, yana kallon jininsa yana bin roba yana shiga na'ura yana dawowa, sai ya ce:

"Tica, ga ƙahon bature. Wanga ya hi na Mahauci zuƙa nesa ba kusa ba, amma ban ji ka yi mashi hwaɗa ba."

Na yi murmushin dole. Ya bar wasa, ya kamo hannuna.

"Ka tahi ka ba shi haƙuri. Ka ce ni na aiko ka. Ka ce mashi kaina ya yi nauyi, shi zo."

Na ce to, in sha Allahu.

Dalilan da suka hana ni zuwa suna da yawa, kuma kowanne gaskiya ne. Jarrabawa ta matso. Sarkin Aska ya tashi daga ƙauyensu ya koma wurin ɗansa kusa da Ruwan Godiya. Hanyar ba kullum ake bin ta ba, sai an tambaya an ji lafiya. Amma ainihin dalilin ba ya cikin waɗannan. Ban san yadda mutum yake durƙusawa gaban wanda ya yi wa darasi a bainar jama'a ba, bayan ya gano darasin kuskure ne. Na riƙa tsara kalmomin a raina kamar mai shirya jawabin ranar rabon kyaututtuka, ina gyarawa, ina ɗagawa zuwa mako mai zuwa.

Zirga-zirgar birni ta gaji Kawu, ya ce a mayar da shi gida, kuma wannan karon ba wanda ya iya tanƙwara shi. Na zo duba shi, ya ce, "Ka tahi?" Na ce sai an gama jarrabawa. Na sake zuwa, ya ce, "An gama jarrabawar?" Na ce saura gyaran takardu. Zuwa na uku bai tambaya ba. Ya yi mini hirar farashin taki, ya sa Inna ta dama mini fura, ya sa mini albarka. Bayan kwana shida, da hantsi, ya cika a ɗakinsa, kansa a cinyar babban ɗansa.

Ina cikin waɗanda suka yi masa wanka. Da aka cire hular na ga kan da ban gani ba shekara biyu, furfura tsibi-tsibi, nan dogo nan gajere, sawun almakashin tsohuwar da idonta ya yi rauni. Mutumin da duk rayuwarsa kansa yake sheƙi kamar sabuwar ƙwarya.

Washegarin sadakar uku na hau motar haya, na sauka na hau babur, na yi ta tambaya har aka nuna mini gidan. Na same shi a ƙarƙashin rumfar kara yana wasa aska a kan fata, ko da yake hannunsa yanzu rawa yake yi, ɗansa ne yake fita aiki. Na cire takalmi daga nesa, na durƙusa a ƙasa, duk jawabin da na tsara ya gudu. Na yi masa gaisuwa, ya yi mini. Na ce ko labari bai iso da wuri ba.

"Ya iso ran nan. Na yi alwala, na sa riga, na kai bakin hanya, na komo."

"Me ya sa, Baba?"

"In na zo, mutane za su bar mamaci su koma kallonka. Shi ba zai so haka ba."

Ya ci gaba da wasa askar. Can ya ce:

"Ran da ka shigo zaure, ka duba ƙahon nan?"

Na ce ban duba ba.

"Da ka duba da ba ka ga jini ba. Tun kaka na bar yi mashi tsaga. Na danna ƙahwarsa, yatsana ya lotsa bai taso ba. Na ja hwatar idonsa, hwari hwat. Shekara nawa ina taɓa jikin mutane? Na ce mashi wanga ba na aska ba ne, na likita ne. Ka san halinsa. Sai na riƙa kahwa mashi ƙaho haka nan ba tsaga, don shi zauna wuri ɗaya in samu kunnensa. Ran nan ne ya yarda. Mun aje magana kasuwa mai zuwa mu tahi asibiti tare."

Na ce, "To Baba, don me ba ka faɗa ba? Ko daga baya, ko ta bakin wani?"

Ya dube ni a karo na farko tun da na zo.

"Kai ne mai karatu. Na ga ka gane ba shi da lahiya. Na ce tunda ka zo, kai za ka kai shi."

Daga baya na tuna abin da ya kawo ni, na isar da saƙon kalma bayan kalma, kamar mai shi yana gida yana jiran amsa. Na ce Kawu ne ya aiko ni in ba shi haƙuri. Ya ce in ce masa kansa ya yi nauyi, ya zo.

Ya ajiye askar a kan fatar.

"Duk tsawon nan wa ke yi mashi?"

"Inna ce, da almakashi."

"Almakashi," ya ce. "Sai ka ce doki." Ya fara dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ya ja hannun rigarsa ya rufe fuska. Na jira har ya sauke.

"Tashi, ɗan nan, gwiwarka ba ta saba ba. Nawa na yahe tun kahin in hau keke. Nashi kuwa ba ya hannuna. Sai ka roƙi Wanda shike wurinSa."

Shi nake roƙo tun daga ranar. Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya ba Inna da Sarkin Aska haƙurin rashinsa. Ya yafe masa taurin kansa, ni kuma ya yafe mini ilimina.